Leda a Tsakar Lakwal: Littafin Aikinmu a Damagaram

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Mako guda ke nan da komawarmu aji. Bana sai 28 ga Oktoba aka buɗe makarantu, saboda ambaliyar da ta sa gwamnati ta ɗage ranar. Mu nan Damagaram ba sai an ba mu labari ba, tsohon masallacin unguwar Birni da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19 a farkon Satumba ya zube. Ban ce leda ce ta kayar da shi ba, ruwa ne ya yi yawa, ginin kuma na ƙasa ne. Amma abin da na gani a layin makarantarmu ya tsaya mini a rai. Kwalbatin bakin ƙofa ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya juya ya afka gidaje uku. Da samarin unguwa suka shiga da shebur da manjagara, leda suka yi ta zaƙulowa, baƙa da fara, ta cakuɗe da yashi kamar an daɓe ta da gangan.

Ni malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa ne, ina riƙe da ajin siziyam (ajin farko na sakandare) biyu da senkiyam (aji na biyu) ɗaya. Shekara tara ina rubuta darasin gurɓatar muhalli a allo, yara su kwafa da Faransanci, su haddace, su ci jarrabawa, a fita shan iska su sha fiya wata su yar da ledar a ƙofar aji. Bana na ƙudura fitar da darasin tsakar gida. Na samu darakta yau, ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada a taɓa lokacin karatu, kada a nemi ko dala wurin iyaye. Za mu riƙa haɗuwa Laraba bayan la'asar da Asabar da safe.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yara 34 suka zo, 21 mata ne. Sun zaci shara za a yi, wasu har da tsintsiyarsu. Na ce yau ba shara, ƙidaya za mu yi. Muka raba filin gida huɗu, kowace ƙungiya ta tsinto abin da ke yankinta, muka zube gindin dogonyaro muka ware iri-iri. Ledar fiya wata 1,140. Baƙar leda 610. Ƙananan fararen ledoji na zoɓo da ƙanƙara 480. Gorar roba guda 3 kacal.

Na tambaye su me ya sa gora ta yi kaɗan haka alhali garin cike yake da ita. Wata yarinya 'yar siziyam ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci, ta ce, “Mushe, ai gora kuɗi ce. Innata tana saye ta zuba zoɓo, masu fetur na bakin hanya ma suna nema.” Wani yaro ya ƙara da cewa 'yan gwangwan suna sayen fasasshen bokiti da tsohon takalmin roba, amma ko kyauta ka ba su leda ba za su karɓa ba. Ban shirya wannan a darasina ba, su suka kawo shi, kuma shi ne gaskiyar lamarin: abin da ke da mai saye ba ya kwana a ƙasa.

An kashe: buhuna 10, sefa 1,500. Sabulun wanke hannu, 500.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Shara ta gaba ɗaya. Buhu bakwai muka cika, muka jingine su bayan ajin ƙarshe. Tsintsiya shida, sefa 600. Manjagara biyu aro ne daga masallacin unguwa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Tun daga bakin ƙofa na jiyo ƙauri. Baba mai gadi ya cinna wa buhunan wuta jiya bayan magariba. Bangon ajin ya yi baƙi har kusa da taga, ƙasa kuma ga narkakkiyar roba ta daskare kamar kwalta. Kafin in gama kallo wata maƙwabciyar makaranta ta shigo da mayafi a hannu, ranta a ɓace. Ɗanta mai ciwon asma bai runtsa ba daren jiya, hayaƙin ya bi iska ya cika musu ɗaki. Na ba ta haƙuri iyakar iyawata.

Na samu Baba a rumfarsa. Na ce, “Baba, ina kwana. Ashe an ƙona kayan nan?” Ya ce, “Malam, to me za a yi da su? Tun kafin a kawo ka nan haka nake yi. In na bar su awaki su yage buhun, gobe darakta ya ce ban yi aikina ba.” Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. Ni na tara buhu bakwai ban tanadi inda za su je ba, ban kuma gaya masa komai ba. Laifin nawa ne.

Na zauna kan bencinsa na yi masa bayani cewa hayaƙin roba ba irin na kara ko itace ba ne. In aka ƙona ta a fili, a haɗe da sauran tarkace, tana fitar da guba da ke shiga huhu, tokar kuma ta zauna a ƙasar da kaji ke tono. Ya ce ai ya sani, don duk ranar da ya ƙona sai ya kwana da tari. Mun yi alkawari ba zai sake ba, ni kuma zan nemi ɗakin ajiya. Darakta ya ba mu tsohon ɗakin da ake zuba karyayyun tebura. Amma tambayar Baba tana nan ban amsa ba: me za a yi da su?

Laraba, 13 ga Nuwamba

Darasi a kan asalin leda. Yawancinsu sun ɗauka daga itace ake yin ta kamar takarda. Da na ce daga man fetur da iskar gas take, sai ajin ya yi tsit. Na kawo musu misali da matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ke aiki tun 2011: ba leda ake yi a can ba, amma irin ɗanyen man da ake tacewa a wurin shi ne uwar roba. Shi ya sa gara ba ta cin ta, ƙwayoyin ƙasa da ke ruɓar da ganye da kashin dabba ba su san yadda za su yi da ita ba. Rana takan gasa ta ta yi rauni ta marmashe, amma marmashewa ba ɓacewa ba ce, gutsattsarin suna nan cikin ƙasa da ruwa.

Na rubuta lambobi biyu a allo. Duniya tana ƙera roba sama da tan miliyan 400 kowace shekara. Cikin kashi 100 na wadda aka yar, kusan kashi 9 kawai ake sake sarrafawa. Miliyan ba ta shiga kan yaro, don haka na tsayar da su muka ƙirga tsakuwa ɗari, muka ware tara gefe. Suka tsaya suna kallon tarin casa'in da ɗaya.

Sai na gaya musu cewa Nijar tana da doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan leda mai laushi. Wani ɗan senkiyam ya ce, “Mushe, to wadda ake sayarwa dami-dami a Kasuwar Dole fa?” Na ce ita ce dai. Dokar ta cika shekara goma a makon jiya, ledar kuma ba ta ragu ba, domin an hana abu ba a sa wani a madadinsa ba, ba a kuma tsare hanyar shigowarsa ba. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, su kuwa sun bi dokarsu da tara mai zafi da bincike a kan iyaka. Bangaladash ta riga su, a 2002, kuma dalilinta irin namu ne: leda ta toshe magudanan ruwa, ambaliya ta yi ɓarna.

Kafin mu tashi muka haƙa ramuka biyar masu zurfin taƙi biyu bayan ofis. Muka binne ɓawon ayaba, takardar siminti, tsumman atamfa, guntun tabarmar kaba, da baƙar leda. Kowane rami da ƙungiyar da za ta riƙa zuba masa ruwa gwangwani ɗaya duk Laraba da Asabar. Sai Janairu za mu tone.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun sake ƙidaya, mako guda cif bayan shara. Guda 1,900, fiye da rabi ledar ruwa ce. Gwiwar yaran ta yi sanyi. Ɗaya ta ce, “Mushe, kamar ba mu yi komai ba.” Ni ma jikina ya mutu, amma lambar ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Ɗalibai kusan 600 gare mu, famfon makaranta kuwa sai ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, kamar na sauran gari. Yaron da ya zauna aji tun ƙarfe takwas dole ya sha ruwa, ruwan da ke akwai kuma na leda ne, dala biyar, wato sefa 25. Ko 'yan ƙungiyar tawa da bakinsu suka ce sun saya a makon. Ba zan ce wa mai ƙishirwa kada ya sha ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yau ce rana mafi amfani tun da muka fara. Wani dattijon mahauci, maƙwabcin surukina, ya amsa gayyata. Ya iso kan kabu-kabu riƙe da bokiti rufe da faifai. Bai yi dogon jawabi ba. Ya yi sallama, ya ce, “'Ya'yana, ku matso,” ya buɗe, ya juye abin a kan kwali.

Dunƙule ne kamar kan mutum, launin ƙasa-ƙasa da kore, yana wari. Yara suka ja baya suna toshe hanci. Ya sa wuƙa ya fara warware shi a hankali. Baƙar leda ta fito a murɗe kamar igiya, sai ledar fiya wata da rubutunta bai ko goge ba, sai zaren buhu, sai guntun igiyar roba, duk sun sarƙe da juna. Daga tumbin akuya ɗaya ya ciro shi da safiyar yau. Muka ɗora a sikelin da na aro wurin mai shago: kilo ɗaya da rabi.

Ya ce akuyar ta wata tsohuwa ce, ta kawo ta don ta ga tana ramewa, ciki ya kumbura, ga dusa ga harawa ta ƙi ci, nono ya ƙafe. An yi ta ba ta magani a banza. Ya ce dabba tana bin gishiri da maiƙon da ya rage jikin leda ne, musamman da rani in ciyawa ta ƙare. In ta haɗiye, ledar ba ta narkewa, ba ta kuma wucewa, sai ta zauna a tumbi ta tare wurin abinci. Dabbar tana jin ciki a cike alhali yunwa ce ke kashe ta. Ba abin da ke fitar da ita sai likitan dabbobi ya tsaga ciki, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai akuya ɗaya. “Da ina yaro ina bin mahaifina mayanka,” in ji shi, “in ka buɗe tumbi ciyawa za ka gani. Yanzu dabbar cikin gari, wuya in buɗe ban sami wannan ba.”

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta fashe da kuka. Ashe tunkiyar gidansu haka ta yi bara har ta mutu da ciki, aka ce sammu ne. Dattijon ya dafa kanta ya ce, “Yi haƙuri jikata, ba kowa ya yi muku ba, ga mai laifin nan.” Ba gidan da ba a kiwo a cikin yaran nan. Akuya ita ce asusun uwa, ita ce kuɗin magani da kayan sallah. Tan miliyan 400 bai motsa su ba, kilo ɗaya da rabi ya motsa su. Gani ya kori ji.

Na miƙa masa kuɗin kabu-kabu, ya ƙi karɓa. Ya ce in akwai wata makarantar a kira shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ganin zafin da yaran suka ɗauka, na sa gasa: ajin da ya fi tara leda cikin mako zai sami kyauta. Littattafan rubutu da biro, sefa 3,000.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Gasar ta jawo abin da ban hango ba. Tun ranar Talata na lura buhuna suna cika da sauri, ledar ciki kuma tsohuwa ce mai datti, ba irin ta tsakar makaranta ba. Ban bincika ba, murna nake yi. Ashe yara bola suke zuwa bayan an tashi, har bakin tapki, suna kwasowa da hannu don ajinsu ya ci. Jiya da yamma wani ɗan siziyam ya taka fasasshiyar kwalba a kan juji, silifas ne a ƙafarsa, ta huda ta shige tafin ƙafa. Abokansa suka ɗaure da tsumma suka kai shi gida, suka ɓoye dalili.

Da safe mahaifinsa ya zo. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, “Malam, karatu na turo shi, ban turo shi tonon bola ba.” Na ce gaskiyarsa ne, na nemi gafara, muka ɗauki yaron tare zuwa asibitin unguwa. An wanke, an yi ɗinki uku, an yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki. Sefa 4,500, na biya. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta ce mu gode wa Allah kwalba ce, don a irin jujin nan har tsofaffin allurai ake samu.

Na soke gasar a gaban kowa, na kuma faɗa musu dalili: ni na sa lada a kan yawan leda, alhali ƙarancinta muke nema. An raba littattafan ga duk ajujuwa uku daidai. Sabuwar ƙa'ida: ba mai tsintar komai a wajen katangar makaranta, ba mai tsinta ba safar hannu. Darakta ya ce saura ƙiris ya rufe aikin, ya bar mu ne don mahaifin yaron da kansa ya ce kada a rufe.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Safar hannu ƙafa goma, sefa 5,000. Yara 19 kawai suka zo. Wasu iyaye sun hana.

Litinin, 2 ga Disamba

Na ji a rediyo cewa taron ƙasashen duniya na birnin Busan a Koriya ta Kudu, wanda aka sa ran zai fitar da yarjejeniya kan gurɓatar roba, ya watse ba a daidaita ba. Saɓanin a kan rage ƙera ta ne. Na ba yara labarin a aji, don su san gardamar da manya ke yi a can ita ce tamu a nan: a yi ta kwashewa, ko a rage daga tushe.

Asabar, 7 ga Disamba

Zama da mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Su tara ne: masu awara biyu, mai ƙosai, mai ɗanwake, mai shinkafa da wake, mai kwaɗon zogale, masu zoɓo da ƙanƙara biyu, da yarinyar da ke kawo fiya wata a kula. Na shimfiɗa tabarma, na sa 'yan mata huɗu na ƙungiya su yi bayanin da kansu, don na san daga bakin ɗiya ya fi shiga.

Babbarsu, mai awara, ta saurara har ƙarshe sannan ta gyara zama. Ta ce, “Malam, ka gama? To ni ma ba son leda nake ba, kuɗi nake sawa in saye ta kullum. Da muna 'yan mata da kwano ake zuwa sayen abinci, ko ƙwarya, nama kuma a takarda. Amma shan iskan nan naku minti nawa ne? Yara ɗari su taso mini lokaci guda. In ban ƙulla tun daga gida ba, kafin in sallami goma an kaɗa ƙararrawa. In kuma ka ce in zo da kwanonina, wa zai ba ni ruwan wanki?” Na ce, “Inna, wallahi ban yi wannan lissafin ba.”

Mun kai ruwa rana. Na kawo maganar zuba abinci mai zafi da mai a leda, cewa ba don haka aka yi ta ba, suka ce sun ji amma ba su ga wanda ya faɗi ba. Ban ja ba. Mafitar daga mai ƙosai ta fito: duk yaron da ya zo da kwanonsa za ta yi masa gyara, ƙosai ɗaya a kan na dala goma, tunda ta huta da sayen leda. Mai awara ta ce ita ma za ta gwada, amma a yi wa masu kwano layi daban. Mai ɗanwake ta yarda. Masu zoɓo suka ce sai sun gani.

Yarinyar fiya wata ba ta ce uffan ba har aka tashi. Na san gidansu, mahaifinta ya rasu, da wannan kular suke cefane. In randunan da nake shirin sawa suka yi aiki, cinikinta ne zai fara mutuwa. Abin yana damuna, ban kuma da amsa tukuna.

Laraba, 11 ga Disamba

Ranar Lahadi na je Mirya na sayo randuna huɗu wurin maginan tukwane, 2,500 kowace. Kuɗin mota 2,000, murafu da moda mai dogon hannu 2,000. Malamai goma sha biyu suka ba da 1,500 kowanne. Mun kafa su a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi. Mun daidaita da wani mai kura zai riƙa kawo jarka takwas kowace safiya, dala ashirin jarka, wato sefa 800 a rana, daga asusun malamai.

Ranar farko an samu matsala: moda ɗaya baki ɗari, ga mura tana yawo. Yanzu moda ta ɗiba ce kawai, ba a kai ta baki. Kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa, 'yan ƙungiya biyu suna tsaye suna zubawa. Jarka takwas ba ta kai ƙarfe goma sha biyu.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun fara reno da ledojin fiya wata: a yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki. Guda 200, zogale 120, dogonyaro 80. Iri da taki daga gidajen yara. Ragowar ruwan wanke hannu ake ba su.

Asabar, 21 ga Disamba

Ƙidayar mako: 1,150. Masu zuwa da kwano sun kai 70, galibi mata. Samari suna jin kunya, wai kwano na almajirai ne. Na tsawata a kan wannan magana, don raini ne ga yaran da ba su yi musu komai ba, kuma ni kaina yanzu da kwanona nake shiga layin awara. Zogale ya fara tsiro.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Jarrabawa da gyaran takardu da 'yan kwanakin hutu sun hana ni rubutu. Abin da muka tarar bai yi daɗi ba. Awaki sun shigo ta inda katanga ta zube tun damina, sun cinye zogalen, saura 31. Dogonyaro sun fi barinsa, 64 suna nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ledoji kusan ashirin sun ɓace tare da tsiron. Watau mu da hannunmu muka ɗora wa awakin unguwa abin da mahauci ya nuna mana. Yau muka kewaye wurin da ƙayar magarya, sefa 1,500, muka ɗaga ledojin kan karyayyun tebura.

Randa ɗaya ta fashe, ba a san wanda ya yi ba. Sabuwa 2,500. Iskar hunturu kuma ta kwaso ledar unguwa ta rataye mana a kan waya da rassan aduwa, har wadda ke can sama inda sanda ba ta kai. Wannan ba tamu ba ce, don haka mun yanke a riƙa ware ta daban a ƙidaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Mako tara da binnewa, yau muka tone. Har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba sun cika wurin, Baba mai gadi ma ya zo da sandarsa. Ramin ɓawon ayaba: ba komai sai baƙar ƙasa mai laushi. Takardar siminti ta zama 'yan gutsattsari, gara ta yi mata hanya. Tabarmar kaba ta yi baƙi, tana karyewa a hannu. Tsumman atamfa ya huhhuje amma bai ƙare ba, na ce musu mai yiwuwa akwai zaren roba a saƙarsa. Rami na biyar yaron da ya ji ciwo na ba shi ya tone, ƙafar ta warke. Ya jawo ledar, ya kakkaɓe, ya hura mata iska, ta kumbura ba ko huda. Ya ɗaure bakin ya ɗaga sama. Baba ya ce, “Ikon Allah, ai sai a koma da ita kasuwa.” Yaran suka roƙa a mayar da ita ramin a sake dubawa ƙarshen shekara. Mun mayar, mun kafa dutse a kai.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙidayar mako: tamu 640, wadda iska ta kawo 210. Masu kwano sun haura 130, samari sun fara shigowa tun da 'yan ƙwallon senkiyam suka gano gyaran ƙosai. Yarinyar fiya wata ta koma kawo zoɓo a babbar kula tana aunawa da kofi, dabarar mai awara ce. Ta ce cinikin bai kai na da ba, amma ya fi yadda ta ji tsoro. Ina sa ido a kan wannan.

Ɗakin ajiya ya cika da buhu 23. Sau uku ina zuwa wani ofishi neman a turo mota, kowane zuwa a ce in dawo mako mai zuwa. Na gaji na ɗauki mai amalanke, sawu biyu sefa 3,000, ya kai su babban juji bayan gari. Na bi shi na gani. Iska tana ɗiba tun muna tsaye, ga shanu suna kiwo a gefe. Mun dai matsar da ita daga idonmu ne. Wani ya ba ni shawarar narkar da ita da yashi a yi bulon daɓe, na san ana yi, amma ba zan tsayar da yara kan hayaƙin da na hana Baba ba.

Jimillar kashewa ban da ruwa: sefa 36,100. Malamai 18,000, wani uba da ya zo ganin tonon rami ya ba da 5,000 don kansa, sauran 13,100 daga aljihuna. Ruwa shi ne babban nauyi, kuma zafi na tafe, jarka takwas ba za ta kai ko ƙarfe goma ba a Afirilu. Darakta ya yarda in gabatar da lissafin gaban kwamitin iyaye ranar Asabar ta sama, zan nemi a sa tanki a riƙa tarawa duk daren da famfo ya kawo. Azumi kuma farkon Maris ne, lokacin da ledar ƙanƙara ke rufe layi bayan shan ruwa. Yara uku da iyayensu ke sayar da ƙanƙara sun ce za su gwada maganar gyara a gida ga duk wanda ya zo da kula ko kwano. Dattijon mahauci ya aiko cewa ranar Laraba yana da hali, makarantar firamare ta bayanmu za mu kai shi, 'yan ƙungiya shida za su raka shi su yi bayanin ƙidaya.